Ebonin Sent Helena: Itacen da Aka Fifita Awaki a Kansa

Ebonin Sent Helena ƙaramin itace ne mai fararen furanni wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina cikin duniya sai a tsibirin Sent Helena da ke kudancin tekun Atlantika. Masana tsirrai suna kiransa Trochetiopsis ebenus. Kafin mutane su sauka a tsibirin, yana cikin itatuwan da suka fi yawa a busassun gangarensa. Bayan shekaru kusan 350 na sakin awaki da saran itace, sai aka daina ganinsa, aka lissafa shi cikin halittun da suka ƙare. A watan Nuwamba na 1980 aka hango guda biyu maƙale a jikin wani bangon dutse da ko akuya ba ta iya takawa. Daga waɗannan biyu aka samo dubban da ake dasawa a yau.

Shi ne furen ƙasa na Sent Helena, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a rukunin waɗanda ke gab da ƙarewa. Tarihinsa ya shahara a tsakanin masana muhalli saboda an rubuta shi tun yana faruwa. Masu mulkin tsibirin sun ga ɓarnar da ido, sun kai ƙara ga iyayen gidansu a Landan, aka auna darajar itacen da ta akuya, aka zaɓi akuya.

Suna da dangi

Eboni suna ne da Turawa ke ba baƙin katako mai nauyi da tauri, wanda ake samu daga itatuwan jinsin Diospyros, wato dangin kanya. Da Turawan farko suka sare itacen Sent Helena suka ga cikinsa baƙi wuluk, ga nauyi ga tauri, sai suka laƙaba masa wannan suna. Amma ba shi da alaƙa da kanya. Danginsa su ne Malvaceae, babban gidan da ya haɗa auduga da kuɓewa da rama da yakuwa da kuka da goro da koko. Duk wanda ya san furen kuɓewa ko na auduga zai ga kama idan ya dubi nasa.

Jinsin Trochetiopsis nau'i uku ne kacal, dukkansu na wannan tsibiri. Na farko, Trochetiopsis melanoxylon, ya ƙare. Joseph Banks da Daniel Solander, masanan da suka raka Kyaftin James Cook a tafiyarsa ta farko, su ne na ƙarshe da suka tsinko shi a 1771. Na biyu, Trochetiopsis erythroxylon, mai jan katako, babu sauransa a daji, sai a lambuna da wuraren dashe. Na uku shi ne ebonin da ake magana. An daɗe ana haɗa shi da na farko a ƙarƙashin suna ɗaya, sai a 1995 masanin tsirrai Quentin Cronk ya bambanta su, ya raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa danginsa mafi kusa su ne ƙananan itatuwan jinsin Melhania da ke fitowa a busassun yankunan Afirka, har wasu masana sun mayar da shi cikin wannan jinsi. Ke nan kakanninsa daga Afirka suka tsallaka teku, tun miliyoyin shekaru kafin a yi jirgin ruwa.

Kamanninsa

Ebonin da ake gani a yau gajere ne, ba ya yin gangar jiki ɗaya kamar bishiya. Rassansa suna fitowa tun daga gindi su bazu a ƙasa, kamar yadda sabara ko geza ke yi, kuma sau da yawa faɗinsa ya fi tsayinsa. Tsofaffin bayanai sun nuna cewa a da yakan kai mita huɗu zuwa biyar. Ganyensa kore ne shar daga sama, yana da siffa mai kama da zuciya, ƙasansa kuwa lulluɓe yake da gashi-gashi mai laushi, launin ƙasa-ƙasa. Wannan gashi yana rage ruwan da ganye ke asara a wuri mai iska da zafin rana.

Furensa babba ne, mai kunnuwa biyar, fari tas idan ya buɗe, tsakiyarsa kuma da duhu. Idan ya kwana biyu sai ya rine ya koma ruwan hoda kafin ya bushe, shi ya sa akan ga launi biyu a jikin itace guda. 'Ya'yansa ƙananan kwanso ne da ke tsagewa su zubar da iri.

Katakonsa ba ya ruɓewa da wuri. Har yanzu, idan ruwan sama ya zaizaye gangaren da babu ko ciyawa a kansa, yakan tono tsofaffin saiwoyi da guntayen eboni da suka mutu tun ƙarnonin baya. Masassaƙan tsibirin sun daɗe suna tsintar su suna yi wa akwatuna da teburori ado da su. Waɗannan guntaye su ne shaidar yadda itacen ya taɓa mamaye wuraren da suka zama fako.

Tsibirin da ya raine shi

Sent Helena tsohon dutse ne mai aman wuta da ya ɓullo daga ƙarƙashin teku kimanin shekaru miliyan 14 da suka wuce. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 122 ba, kuma yana da nisan kusan kilomita 1,900 daga gaɓar Angola da Namibiya. Bangayen dutse masu tsayin ɗaruruwan mitoci sun kewaye shi. A tsakiyarsa akwai tsaunuka da hazo ke rufewa, mafi tsayinsu Diana's Peak ya ɗara mita 800, inda ruwan sama kan wuce milimita 1,000 a shekara. A Jamestown, babban birnin da ke bakin teku, ba a samun ko milimita 200. Eboni ɗan busasshen ɓangaren ne, tsakanin gaɓar teku da tsaunuka masu damshi.

Babu mutum a tsibirin lokacin da Turawan Fotugal suka iso a 1502, kuma babu wata dabba mai ƙafa huɗu da ke cin ganye. Wannan shi ne tushen abin da ya biyo baya. Itatuwan sahel sun tashi tare da barewa da raƙumin dawa, don haka suka yi ƙaya, ko ɗaci, ko saurin tofo bayan an ci su. Tsirran Sent Helena ba su taɓa haɗuwa da haƙori ba, ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan makamai.

Kamfanin East India na Ingila ya karɓe tsibirin a 1659, ya riƙe shi har 1834 lokacin da ya koma hannun gwamnatin Birtaniya kai tsaye. A nan aka tsare Napoleon daga 1815 har mutuwarsa a 1821, aka kuma tsare Sarkin Zulu Dinuzulu daga 1890 zuwa 1897. Tsakanin 1840 da 1872, sojojin ruwan Birtaniya sun sauke 'yan Afirka fiye da 25,000 da suka ƙwato daga jiragen fataucin bayi, dubbai daga cikinsu suka mutu aka binne su a kwarin Rupert's. Mazauna tsibirin na yau, waɗanda suka kai kusan mutum 4,400 a 2021, jikokin Turawa ne da bayin da aka kawo daga Afirka da Madagaska da Asiya da kuma 'yan ƙwadago daga Sin.

Yadda aka ƙarar da shi

Turawan Fotugal ba su zauna a tsibirin ba. Sun mayar da shi zango, inda jiragen da ke dawowa daga Indiya ke ɗiban ruwa da ajiye marasa lafiya. Domin matuƙa su riƙa samun nama, sai suka saki awaki da aladu tun farkon ƙarni na 16. Babu kura, babu damisa, babu makiyayi. Da matuƙin jirgin Ingila Thomas Cavendish ya yada zango a 1588, ya tarar da awaki dubbai suna yawo garke-garke.

Ɓarnar akuya ba ta bayyana nan take. Manyan itatuwa suna nan tsaye, inuwarsu na nan, mai kallo daga jirgi zai ce daji lafiya lau. Abin da akuya ke ci shi ne ƙananan da ke tasowa. Shekara bayan shekara babu magaji, har tsofaffin su kai ƙarshen kwanansu su faɗi kusan lokaci guda. Charles Darwin, wanda ya ziyarci tsibirin a 1836, ya lura cewa sai da aka yi shekaru kusan 200 da sakin awaki kafin fuskar ƙasar ta sauya gaba ɗaya. Eboni ya fi sauran shan wahala, domin gajere ne, kuma yana zaune a busasshen yankin da awaki suka fi so.

Da kamfani ya zaunar da mutane, sai gatari ya haɗu da haƙori. Majema sun gano cewa ɓawon eboni da na ɗan'uwansa mai jan katako yana jeme fata, aikin da bagaruwa ke yi a majemar ƙasar Hausa. Bambancin shi ne, bagaruwa 'ya'yanta ake tsinka, itacen ya rayu. A Sent Helena ɓawon gangar jiki ake ɓarewa, a bar sauran itacen ya bushe a tsaye. An kuma yi ta sarar itace domin girki da dafa barasa. A 1709 an ƙona eboni mai yawa wajen gasa farar ƙasar da aka gina ganuwar tsaron tsibirin da ita.

Masu mulkin tsibirin sun ga inda aka dosa. Littattafan majalisarsu na farkon ƙarni na 18 cike suke da koke kan yadda babban dajin da suke kira Great Wood ke ƙanƙancewa. An fara kewaye shi da katangar dutse, ba a gama ba. A 1731 an ba da umarnin kashe dabbobin da ke yawo sakaka, amma matakin bai ɗore ba. Masanin halittu Alfred Russel Wallace, a littafinsa Island Life na 1880, ya kawo labarin gwamnan da ya rubuta wa daraktocin kamfani a Landan yana neman izinin kawar da awaki domin a ceci eboni, yana kuma danganta farin da ake fama da shi da ƙarewar daji. Daraktocin suka hana, bisa hujjar cewa akuya ta fi eboni daraja.

A lissafin kamfani, amsar tana da ma'ana. Amfanin tsibirin a wurinsu shi ne ciyar da jiragen da ke ɗauko hajar Indiya da Sin, kuma matuƙi nama yake ci. Akuya tana shiga littafin kuɗi a wannan shekara, ita kuwa ƙasar da saiwar eboni ke riƙewa ba ta da shafi a littafin. Waɗanda suka yanke hukuncin suna zaune dubban kilomitoci daga gangaren da zai zaizaye. Kuɗin ya fito daga baya: Wallace ya ruwaito cewa a 1810 gwamnatin tsibirin ta kashe fiye da fam 2,700 cikin shekara guda wajen shigo da makamashi daga waje, a tsibirin da aka tarar da shi cike da itace.

Da ciyayi suka tafi, ruwan sama ya kwashe ƙasar noma ya zuba a teku. Kewayen tsibirin ya zama tsirarun duwatsu da kwazazzabai masu launin ja da toka, yankin da har yau ake kira Crown Wastes, wato kangon gwamnati. William Burchell, wanda ya zauna a tsibirin daga 1805 zuwa 1810 yana tattara tsirrai, ya riski ragowar eboni da ransa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 an daina ganinsa. John Charles Melliss, a littafin da ya wallafa kan tsibirin a 1875, ya ɗauke shi a matsayin abin da ya riga ya wuce.

Ganowar 1980

George Benjamin ɗan tsibirin ne, ma'aikacin gandun daji, wanda ya shafe shekaru yana bin tsaunuka da kwazazzabai yana neman tsirran da aka ce sun ɓace. A 1977 ya gano itace ɗaya tilo da ya rage na zaitun ɗin Sent Helena. A 1980 wani ɗalibin ilimin tsirrai daga Jami'ar Cambridge, Quentin Cronk, ya zo nazarin tsirran tsibirin, suka riƙa fita tare. A watan Nuwamba, a kudu maso yammacin tsibirin, kusa da wasu duwatsu biyu masu tsini da ake kira Asses Ears, wato kunnuwan jaki, suka hango wani tsiro mai fararen furanni can ƙasa a jikin bangon dutse.

Babu hanyar isa wurin da ƙafa. Ɗan'uwan George, Charlie Benjamin, wanda ya saba hawa da saukar duwatsun gaɓar teku, shi ya yarda a ɗaura masa igiya a zura shi. Mutanen tsibirin suna ba da labarin cewa ya hauro da yankakkun rassa, fure ɗaya kuma riƙe a haƙoransa. Da aka duba, sai ga eboni, bayan fiye da shekaru 100 ana cewa babu shi. Itatuwa biyu ne a wurin. Tsayin bangon da ya hana mutum isa gare su shi ne ya hana akuya.

Daga biyu zuwa dubbai

An yi sa'a, eboni yana da sauƙin dashe. Idan aka yanki reshe aka kafa a ƙasa mai damshi, yana yin saiwa. Yana kuma yin iri mai tsirowa. Cikin 'yan shekaru, wurin renon tsirrai na gwamnati da ke unguwar Scotland a tsibirin ya samar da dubbai. An dasa su a wurare kamar Ebony Plain, filin da ke ɗauke da sunan itacen tun bayan da itacen ya ɓace daga cikinsa, da harabar makarantu da gidajen mutane. An kai wasu lambun Jami'ar Cambridge da lambun Kew da ke Landan, domin idan wata annoba ta faɗa wa tsibirin a sami na ajiya. Ana kuma adana irin tsirran tsibirin a rumbun iri, a gida da kuma a Ingila.

A shekara ta 2000 mutanen tsibirin suka soma dasa Millennium Forest a kangon da Great Wood yake a da, kusan kowane gida ya sa hannu. Mafi yawan abin da aka dasa wani itacen tsibirin ne mai ƙaro, Commidendrum robustum, tare da eboni da wasu tsirrai na asali. Ƙungiyar St Helena National Trust, wadda aka kafa a 2002, ita ke kula da dajin.

Yawan da ba yawa ba

Reshen da aka yanka aka dasa kwafin uwarsa ne, ba sabon itace ba ne ta fuskar gado. Dubban ebonin da aka samu ta wannan hanya, a wurin masanin ƙwayoyin gado, itatuwa biyu ne da aka maimaita. Waɗanda suka tsiro daga iri kuwa 'ya'yan auren gida ne na ƙut da ƙut. Wannan yana da illa biyu. Idan wata cuta ko ƙwaro ya gano lagon ɗaya, ya gano na kowa. Sannan cututtukan gado da ke ɓoye suna bayyana idan aka yi ta haɗa jini ɗaya, kamar yadda makiyayi ya sani cewa garken da ba a kawo masa baƙon bunsuru yakan lalace.

Ɗan'uwan eboni mai jan katako ya nuna yadda abin ke kasancewa. Duk waɗanda suka rage sun fito ne daga itace guda, kuma da yawansu suna tasowa a raunane, su mutu da ƙuruciya. Binciken da Rebecca Cairns-Wicks ta yi kan wannan jinsi a shekarun 1990 ya sa masu renon tsirrai suka soma lura da asalin kowane itace, suna haɗa barbara tsakanin waɗanda suka fi nisa da juna.

Akwai kuma matsalar da aikin ceton ya haifar da kansa. A da, eboni yana busasshen gangare, mai jan katako yana tsauni mai damshi, ba sa haɗuwa. Da aka dasa su kusa da juna a lambu, ƙwari suka ɗauki garin furen wannan suka kai wa wancan, aka sami barbarar yanyawa. An raɗa mata suna Trochetiopsis × benjaminii domin girmama gidan Benjamin. Ta fi iyayenta biyu ƙarfi da saurin girma. Wasu masana suna ganin ta a matsayin ma'ajiyar gadon nau'o'in biyu. Wasu suna tsoron kada ta yi ta barbara da iyayen har a rasa tsantsar kowannensu. Shi ya sa ake raba wuraren da ake tara irin kowane nau'i.

Zaitun ɗin da bai tsira ba

Ba kowane tsiro da aka sake ganowa ke tsira ba. Zaitun ɗin Sent Helena, Nesiota elliptica, wanda George Benjamin ya gano shekaru uku kafin eboni, ya sami kulawar masana na gida da na Kew. Amma itacen kusan ba ya karɓar garin furensa na kansa, don haka irin da yake yi kaɗan ne ƙwarai, rassansa kuma ba sa yin saiwa da sauƙi. Na dajin ya mutu a 1994. 'Yan ƙalilan da aka samu daga gare shi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya saboda cututtukan naman gwari, na ƙarshe ya mutu a watan Disamba na 2003. Shi kaɗai ne nau'in da ke cikin jinsinsa, don haka jinsin gaba ɗaya ya tafi tare da shi.

Mutanen da suka yi aikin ɗaya ne, ƙoƙarin ma ɗaya ne. Abin da ya raba makomar itatuwan biyu shi ne eboni ya rage guda biyu kuma yana karɓar dashe, zaitun ya rage guda ɗaya kuma ba ya karɓa. Idan aka bari nau'i ya sauko zuwa wannan adadi, sa'a ce ke yanke hukunci fiye da ilimi.

Barazanar yau

An rage awakin daji ƙwarai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, amma zomaye sun gaje su wajen cinye ƙananan tsirrai, ɓeraye kuma suna cin iri. Saboda haka yawancin wuraren dashe sai an kewaye su da waya. Baƙin tsirrai da aka shigo da su domin ado ko shinge ko kiwo sun mamaye kangon da eboni ya bari, suna rigansa ruwa da wuri. A tsaunuka, wani tsiro mai zare da aka kawo daga New Zealand ya rufe gangare bayan gangare. Shi ne ya riƙe tattalin arzikin tsibirin har tsakiyar shekarun 1960, lokacin da hukumar gidan waya ta Birtaniya ta koma amfani da zaren roba, masana'antar ta durƙushe, tsiron kuwa ya ci gaba da yaɗuwa. Baƙin ƙwari masu tsotsar ruwan itace suna shigowa cikin kaya. Fari yana dawowa lokaci zuwa lokaci, kuma ƙasar da aka rasa ba ta dawowa cikin shekaru goma ko ashirin.

Na daji kuwa, waɗanda ba hannun mutum ne ya dasa su ba, har yanzu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, duk a bango guda. Zaftarewar dutse sau ɗaya ta isa ta tafi da su.

Doka da kuɗi

Sent Helena yanki ne na Birtaniya a ƙetare, yana da gwamna da Landan ke naɗawa da majalisar da jama'a ke zaɓa, kuma tun 2021 yana da Babban Minista. Dokar kare muhalli ta 2016 ta haramta cirewa ko lalata tsirran da aka lissafa a matsayin masu kariya, an kuma ware yankunan da ba a yarda a taɓa ba. Tsibirin yana da nau'o'in halittu fiye da 500 da babu su a wani wuri, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk irin waɗannan halittu da ke ƙarƙashin tutar Birtaniya.

Nauyin kula da su yana kan al'ummar da ba ta kai mutum 5,000 ba, wadda kasafin kuɗinta ya dogara da tallafin Landan, matasanta kuma suna fita neman aiki a Ingila da tsibiran Ascension da Falkland. Yawancin kuɗin aikin muhalli yana zuwa ne ta hanyar tallafin gasa irin na shirin Darwin Plus, wanda kan ɗauki shekara biyu ko uku ya ƙare. Itace kuwa yana buƙatar ban ruwa da cire ciyawa da gyaran shinge na shekaru da dama. Idan tallafi ya yanke, ma'aikatan da aka horar sukan watse, zomo ya sami ƙofa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2020 ta kuma rufe wa yankunanta na ƙetare wasu hanyoyin samun kuɗin muhalli na tarayyar.

Filin jirgin saman da Birtaniya ta gina a tsibirin kan kusan fam miliyan 285, wanda ya soma karɓar jiragen fasinja a watan Oktoba na 2017, ya zo da fuska biyu. An gina shi da nufin jawo masu yawon buɗe ido, waɗanda tsirrai da tsuntsayen tsibirin na cikin abin da ke kawo su, kuma aikin ya haɗa da shirin dasa tsirrai na asali a wuraren da aka tona. A ɗaya ɓangaren, ya ci wani yanki na filin da ƙananan halittu na musamman ke zaune, ya kuma buɗe sabuwar ƙofar da baƙin ƙwari da cututtuka za su iya shigowa ta cikinta. Tambayar da gwamnan ƙarni na 18 ya aika Landan, wato me za a fifita tsakanin ribar bana da ƙasar da za a bar wa na baya, har yanzu a can ake amsa babban ɓangarenta.

Matsayinsa a yau

Ebonin Sent Helena ya fita daga jerin waɗanda suka ƙare, amma bai fita daga haɗari ba. IUCN ba ta auna tsira da yawan tukwanen da ke wurin reno ko itatuwan da ke ƙofar gida. Abin da take dubawa shi ne ko nau'in yana haihuwa yana maye gurbin kansa a muhallinsa. A wasu wuraren dashe an ga ƙananan eboni sun tsiro da kansu a gindin iyayensu, musamman inda aka hana zomo shiga. Ranar da irin wannan tsiro zai girma ya yi fure ya zubar da iri a buɗaɗɗen gangare, babu waya babu mai ban ruwa, ita ce ranar da masu aikin ke jira. Kafin nan, yaran tsibirin suna tasowa suna ganin furen ƙasarsu a harabar makaranta, abin da kakanninsu na tsawon ƙarni guda ba su sani ba sai a guntayen baƙin katakon da ruwa ke tonowa.